Ƙofar da Hannun Baba Jibrin Ya Sani

Duk wanda ya ce maka katako ba ya ruɓewa a Riyad tunda ba a cika ruwan sama ba, ka turo shi wurin Laouali kafinta. Ba dogon bayani zai samu ba, don Laouali ba ya ɓarnar magana. Zai dai kai shi ƙarƙashin taga ya nuna masa mukayyif, na'urar sanyaya ɗakin nan da ake cusawa a bango, tana ɗigar da ruwa ɗis-ɗis a kan katakon da ya kewaye tagar tun daga farkon zafi har ƙarshensa. Sai ya soka sukundireba a wurin, ta nutse kamar cokali a tuwo. Daga nan gardama ta ƙare.

Ni sunana Musbahu, mutumin Bichi. Ni ke jan motar ɗaukar kaya ta ɗan kamfanin gyaran gidajen da muke wa aiki, kafili ɗaya, wato ubangidan da ya tsaya mana, shi ke riƙe da iƙamarmu, takardar izinin zama, ni da shi, kuma ɗaki ɗaya muke kwana a saman wani tsohon bene a unguwar Shumaisi. Shekarun da muka yi tare sun isa a ce na san shi, amma har yau in ka tambaye ni abin da ke ransa sai dai in yi maka canke. Mutumin Tasawa ne, can wajen Maraɗi, dogo, siriri, furfura ta cinye gemunsa ta bar masa gira baƙa wuluk. Ya zo ƙasar nan tun yana da ƙarfin ɗaukar ƙofa shi kaɗai ya hau bene da ita. Matarsa Mariamou tana gida da 'ya'yansu mata, duk sun yi aure yana kallo ta waya. In ya je hutu ya dawo sai ya yi mako guda ba ya iya cin abinci sosai, ni kuma in yi ta tsokanarsa cewa fura ce ta ɓata masa baki, don in ban tsokane shi ba ban san me zan ce masa ba.

Abu biyu ne ke haɗa mu faɗa. Na farko shayi. Shi ba ya shan shayin mutane na a jefa ganye a ruwan zafi a wuce wurin, sai ya zauna da 'yar butarsa yana ɗagawa yana saukewa har kumfa ta tashi, ni kuwa ina ƙasa a mota ina danna hon. Na biyu, wanda ya fi ci mini rai, shi ne tarin katako. Laouali ba ya zubar da itace. Duk gidan da muka yi aiki, abin da aka ɓamɓaro sai ya zazzaɓa ya loda mini a mota, mu hau da shi rufin benenmu. Wurin da ya kamata mu shimfiɗa tabarma mu sha iska ya koma kamar kasuwar 'yan katako. Sau nawa na yi tuntuɓe a wurin ina neman igiyar shanya. In na yi masa masifa sai ya ce, “Icen ga bai mutu duka ba,” wai haka babansa, wanda shi ma kafinta ne, yake faɗa. Na ce masa in babansa ne ke hawa bene da kayan, da ya sake magana.

A cikin duk gidajen da muke zuwa, akwai guda ɗaya da Laouali ba ya bari a tura wani sai shi. Gidan Baba Jibrin ne, a wani ɗan lungu nan cikin Shumaisi. Baba Jibrin ɗan ƙasa ne, a nan aka haife shi, amma kakansa daga ƙasar Hausa ya taso aikin hajji a ƙafa bai koma ba. Yana jin Hausa, wata irin tsohuwar Hausa mai gauraye da Larabci wadda ko a ƙauyenmu an daina yi. 'Ya'yansa kuwa sai ɗai-ɗai suke tsinta. Tun Laouali yana sabon zuwa tsohon ya ji shi yana waya da harshen gida a bakin masallaci, ya kama hannunsa ya kai shi gida ya ba shi gahawa da dabino. Tun daga ranar, ko sakata ce ta kwance a gidan, “ɗan Tasawa” ake kira. Tsohon yakan jawo kujera ya zauna kusa da shi yana aiki, yana tambayarsa ko har yanzu ana cin kasuwar kaza, ko ana noma kaza, abubuwan da ya ji a bakin kakansa bai taɓa gani ba.

Gidan irin na da ne, ƙofarsa kai tsaye take buɗewa kan lungu. An shafe bangon da siminti mai kaushi launin ƙasa, haka na maƙwabci, haka na gaba da shi, bango ɗaya a miƙe kamar an ja layi. Abin da kawai ya bambanta shi, katakon da ya kewaye ƙofar da tagogi biyu na waje, mai koren fenti.

Tsufa ya zo wa Baba Jibrin ta hanya biyu. Ido ya yi hazo har likitoci suka ce ba sauran abin yi, sannan tunani ya fara zamewa. Wata rana ya san ka, wata rana ya tambaye ka ɗan wane ne kai. Matarsa ta rasu, 'yarsa ce ke zaune da shi tana kula da shi. Abu ɗaya ya rage masa da yake yi da kansa, kuma ba ya yarda a taɓa masa shi: in an kira salla zai ɗauki sandarsa ya tafi masallacin da ke ƙarshen lungun shi kaɗai, ya dawo shi kaɗai. In ka kama masa hannu sai ya fizge. 'Yan lungun duk sun san da haka, in sun gan shi sai su ba shi hanya su yi masa sallama kawai.

A bara da zafi ya fara sauka, babban ɗansa Uwais, wanda ke zaune a unguwar Nasim da iyalinsa, ya kira mu ya ce katakon wajen gidan ya lalace. Da muka je muka tarar abin ya fi yadda ya faɗa. Na tagogin ruwan mukayyif ya gama da su, fenti ne kawai ke riƙe da su. Na ƙofar kuwa daga ƙasa ya ruɓe, saboda wankin dokin ƙofa da ake yi da tiyo kullum safiya. Al'adar Laouali in ya samu irin wannan, ruɓaɓɓen wurin kawai yake yankewa ya yi masa ƙari. Amma Uwais ya ce a cire duka a sa sabo, shi kuma Laouali bai musa ba, har murna ya yi. Ya ce mini a mota, tsohon nan ya ba shi gahawa lokacin da bai san kowa a garin nan ba, bari ya yi masa aikin da duk wanda ya wuce sai ya waiwaya.

Ban taɓa ganin ya ɓata lokaci a kan aiki kamar wannan ba. Ya ɓamɓare tsohon katakon a hankali don kada shafen bangon ya biyo shi. Inda siminti ya zube ya kwaɓa ya cike, ya ƙi ɗora komai a kai sai da ya bushe ƙarau. Sabon katakon sai da ya yi masa fenti ta baya da kan yanka kafin ya kafa, don ya ce ta inda ido ba ya gani ruwa ke shiga. Na ƙasan tagogin ya ɗan karkatar da su waje yadda ruwa ba zai kwanta ba, ya sa wa kowane mukayyif siririn tiyo ya saukar da shi har ƙasa. Ya toshe tsakanin katako da bango da silikon, ya bi komai da samfefa har ya yi santsi kamar tafin jariri. Sai maganar fenti. Ya ce tsohon da koren nan yake gane gidansa, don haka dole a samo irinsa sak. Ya ɓallo ɓawon tsohon fentin ya naɗe a takarda, ya sa na yi ta yawo da shi shago-shago cikin rana, wannan ya yi duhu, wancan ya yi haske, har na ce masa ko rigar aure ce iyakar abin da za a yi ke nan. Da ya gama, gaskiya, aikin ya yi kyau. Tsohon katakon kuwa ba sai na gaya maka inda ya tafi ba, ni na hau bene da shi ina gunaguni.

Ashe garin gyaran gira mun taɓa ido.

Washegari bayan La'asar Baba Jibrin ya fito daga masallaci bai iso gida ba. Wani Bayamane, mutumin Yaman, mai baƙala, wato ɗan kantin kayan masarufi, a bakin titi ne ya gan shi tsaye a gefen babbar hanya, motoci na wucewa a guje, yana lalube da sanda yana neman sauka. Ya kamo shi ya kawo shi gida. Aka ce ai tsautsayi ne. Kwana biyu bayan haka aka sake, wannan karon har ya sa ƙafa a kan kwalta.

Ranar da muka koma ɗauko tsaninmu muka tarar da Uwais a bakin ƙofa, idonsa ja. Ya gaishe da Laouali da Larabci, ya kira shi Ammi, wato baffa, ya ce, “Ammi, ciwon ya ƙaru. Ya manta gidansa. Halas, shi ke nan, ranar Juma'a zan ɗauke shi mu koma Nasim.”

Laouali ya tambaye shi, “To masallaci hwa?”

Uwais ya ce gidansa a hawa na uku yake, masallacin kuma sai an tsallaka titi. Zai riƙa kai shi a mota ranar Juma'a, sauran salloli ya yi a ɗaki. Ba mugunta ba ce, kowa ya gan shi ya san tsoro ne ke cinsa, kuma ni ma da ubana ne abin da zan yi ke nan. Ya ce tun da aka hana tsohon fita shi kaɗai ya daina cin abinci, in an kira salla sai ya ɗauki sanda ya zauna a bayan ƙofa yana jira a buɗe masa.

Muna nan tsaye aka kira Azahar. Laouali ya roƙi Uwais ya buɗe, ya ce zai bi shi a baya ba zai bari komai ya same shi ba. Muka tafi masallaci gaba ɗaya. A dawowa muka bar tsohon ya yi gaba, muna biye. A nan na ga abin da na sha gani ban taɓa lura ba. Baba Jibrin ba ya ɗaga kai ya dubi komai. Sanda na hannun hagu, na dama kuwa yana kan bango, 'yan yatsunsa na bin kaushin simintin. Da ya iso ƙofarsa hannun ya hau kan sabon katakon, ya tsaya, ya shafa sama kaɗan, ya shafa ƙasa kaɗan daidai ƙirjinsa, kamar mai neman makunnin fitila. Bai samu abin da yake nema ba. Ya yi ɗan tsaki, ya ci gaba da tafiya.

Uwais ya ruga ya tare shi. Laouali kuwa ya tsaya yana kallon koren fentin da ya sa ni yawon nema. Can ya ce, “Ni na ɓatar da shi. Tada mota mu tahi.”

A kan rufin benenmu, rana tana dukan kai, ya yi ta ɗaga katako yana ajiyewa, ni ina riƙe masa. Ranar ban ce uffan ba a kan tarin. Da ya zaro na gefen daman ƙofar Baba Jibrin ya juya shi, sai ga abin. Ƙasansa ya ruɓe ya zama gari, amma daga tsakiya zuwa sama lafiyarsa lau. Daidai tsayin ƙirji akwai wani ƙulli na itacen da ya ɗan turo, a ƙarƙashinsa kuma wani ɗan kwarmi, fenti ya goge, wurin ya yi baƙi yana sheƙi. Hannun mutum ɗaya ne ya yi shi, shekara da shekaru yana dafawa a wuri ɗaya in zai cire takalmi ya shiga gida. Laouali ya sa babban yatsansa a kwarmin, ya zauna daram.

Ya daɗe a tsugune da katakon a cinya. Sannan ya gaya mini abin da bai taɓa gaya mini ba duk zamanmu. Babansa ma ya makance kafin ya rasu. Yana nan Riyad ƙannensa suka rushe tsohon zaure suka yi sabo da bulo, shi ya ma ba da shawarar, don a faranta wa tsohon. Daga ranar baban bai ƙara fita shi kaɗai ba, sai an ja shi, har Allah ya karɓi abinsa. Ya ce a lokacin ya ɗauka tsufa ne kawai. Ya ce, “Sai yau na gane, Musbahu.” Tausayinsa ya kama ni har na rasa tsokanar da zan yi, na ce masa kawai Allah ya jiƙan Baba, ya ce amin.

Da La'asar sakaliya muka koma. Ya auna, ya ja layi a kan sabon katakon da ya sha wahala a kansa, ya ɗauko zarto. Sai da na riƙe masa hannu na ce, “Malam, aikin nan fa ko gidan sarki aka kai shi ba za a raina ba. Ba wata dabara?” Ya ce dabarar ke nan, in sake shi. Ya yanke kamar kamu biyu daga tsakiya, yankan a karkace ta yadda ko ruwa ya biyo ba zai shige gaɓar ba. Ya yanko daidai wannan tsayin daga tsohon, ya kankare bayansa har ya kai ga lafiyayyen itace, ya shafa masa magani da fenti ta baya, ya sa gam, ya kafa. Fuskar kuwa ko samfefa bai kai mata ba. Tsohon ya fi sabon kauri, ga shi mai ƙulli, sabon kuma a shafe, don haka gaɓar ta fito fili ba yadda za a ɓoye ta. Ya yi muni, ba zan yi maka ƙarya ba, kamar an yi wa sabuwar shadda faci da tsohon zane. Wani maƙwabci da ya zo wucewa har ya tambaya ko katako ne ya ƙare mana.

Uwais ya zo ya duba. Laouali ya ce masa ba ya yi masa alkawarin komai, ciwon tsohon na nan ba inda ya je, amma a bar shi ya gwada sau ɗaya kafin Juma'a. Uwais ya ce to, gobe da Azahar.

Washegari muka sake bin sa daga masallaci, ni da Laouali da Uwais, kamar masu rakiyar amarya. Hannun na kan bango. Ya wuce gidan farko, ya wuce na biyu. Ya wuce taga, ya wuce ɗayar. Ni dai sai na ji kamar ni ake wa jarrabawa. Yatsunsa suka hau katakon ƙofar, suka taɓa ƙullin, babban yatsan ya gangara ya faɗa kwarmin. Tsohon ya tsaya. Ya dafa, ya zare takalmin dama, ya zare na hagu, yadda ya saba, ba tare da ya san akwai wani abin mamaki a ciki ba.

Uwais ya juya mana baya yana goge fuska da gefen ƙyallen nan da mazan Larabawa ke yafawa a ka. Da ya juyo ya ce da Laouali a hankali, a bar maganar Nasim tukuna, zai gaya wa mai baƙala da liman su riƙa sa ido, sauran kuma sai yadda Allah ya yi.

Baba Jibrin bai shiga ba. Hannunsa ya gangara ƙasa da kwarmin ya ci karo da gaɓar, inda tsoho ya haɗu da sabo. Ya shafa ta, ya sake shafawa, ya ɓata fuska. Ya juyo wajen inda ya ji numfashin mutum, Laouali ne a wurin, kusa da shi har kafaɗarsu na gogar juna.

Ya ce da Hausa, “Kai yaro, wa ya taɓa mini ƙofa? Dubi wannan aiki, ko daidaitawa ba a yi ba.”

Laouali ya ce, “A yi haƙuri, Baba.”

“Ba kai za ka ba ni haƙuri ba. Ka je ka kirawo mini Laouali, ɗan Tasawa. Shi ba ya irin wannan aikin. Ka san shi?”

Laouali ya dube shi. Ya sunkuya ya ɗauke wa tsohon takalmansa ya shigar da su ciki.

Ya ce, “Na san shi, Baba. Shina nan tahe.”